Ƙara daban, sauti daban: shawara ga mai shirin sayen lasifika da katin sauti

A ƴan shekarun nan kwamfuta ta shiga ɗakunan samari da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wani ya saye ta don ya tara waƙoƙi da wa'azi da karatun Alƙur'ani yana saurare. Wani kuma ya zuba mata FL Studio ko Cubase, ya jona fiyano, yana fatan ɗakinsa ya zama ƙaramin situdiyo. Dukansu biyu tambaya ɗaya ke jiran su a gaba: wace lasifika zan saya, kuma sai na haɗa da katin sauti ne? To a nan kuɗin mutane ke zurarewa. Saurayi ya yi wata shida yana tara ribar kabu-kabu ko ta cajin waya, ya shiga kasuwa da jaka ɗari a aljihu, ya fito da ƙaton akwati mai fitilu ja da kore, wanda ke girgiza tagar maƙwabta amma ba ya iya fito da muryar mutum yadda Allah ya yi ta.

Ra'ayina a kan wannan magana a fili yake. Mun saba auna kayan sauti da ƙara, har kunnenmu ya ɗauka duk abin da ya fi amo shi ya fi kyau. Abin da ya kamata mai kwamfuta a gida ya nema shi ne na'urar da za ta faɗa masa gaskiyar abin da aka naɗa, ba ƙari ba ragi. In ka yarda da wannan, to tsarin kashe kuɗinka zai canza. Lasifika ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka, sai gyaran ɗakin da za ta zauna, sai abin da zai kare ta daga wutar lantarki irin tamu. Katin sauti shi ne na ƙarshe, kuma mutane da dama ba su ma buƙatarsa.

Bari mu fara da lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali: wat 1000, wat 3000, wani lokaci har 5000. In ka duba da kyau za ka ga haruffa huɗu ƙanana a gefenta, PMPO. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kai, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Ma'aunin da ake iya dogara da shi shi ne wanda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa ta ɗore a kai ba tare da muryarta ta dishe ba. Wannan ruɗu tsoho ne. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a kan yadda masu sayar da amfilifaya za su riƙa bayyana ƙarfinta, saboda ƙaryar ta yi yawa. Mu a kasuwanninmu babu mai tsare mana wannan, sai dai mutum ya tsare kansa.

Ga lissafin da ɗan aji shida zai iya yi. Ramin USB 2.0 na kwamfuta yana ba da bolt 5 da rabin amfiya. In ka ninka su, wat biyu da rabi ke nan. To lasifikar da ke shan wutarta daga wannan rami, aka rubuta mata wat 500, daga ina ta samo sauran 497 da rabi? Ba a fitar da abin da bai shiga ba. Kuma ko da lambar gaskiya ce, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne zai ji kamar an ɗan murɗa kaɗan. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. A ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, inda kake zaune taku ɗaya ko biyu daga lasifika, wat 20 zuwa 40 na gaskiya a kowace ɗaya sun ishe ka, har ka rage.

Akwai dalilin da ya sa mai shago yakan murɗa ƙara har ƙarshe in ka ce ya gwada maka, ko da shi kansa bai san sunan dalilin ba. A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, sun nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida. In ƙara ta yi ƙasa, kaurin sauti, wato bas, da kuma siririnsa sukan ɓace mana, tsakiya ce ke saura. In aka ɗaga ƙara sai su dawo, sai ka ji kamar kiɗan ya cika ya tumbatsa. Shi ya sa in aka jera lasifika biyu, wadda aka fi ɗaga wa murya ita za ka zaɓa, ko da ita ce ta banza. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka ce a rage, a daidaita su biyun, a kawo su daidai muryar mutum mai hira. Lasifikar kirki a nan take nuna kanta. Ta banza kuwa in an rage ta sai ka ji kamar ana magana daga cikin tulu.

Me ya sa nake nanata maganar tsakiyar sauti? Saboda a nan muryar mutum take zaune, kuma kiɗanmu kusan duka a kan murya aka gina shi. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. Tushen muryar namiji baligi yana tsakanin Hz 85 zuwa 180, na mace kuma tsakanin 165 zuwa 255. Abin da ke bambanta baƙaƙe, ya sa ka gane kalma, yana can sama, galibi daga 2,000 zuwa 4,000 har gaba. Hausa kuwa harshe ne da ƙaramin bambanci ke juya ma'ana: kare da ƙare, saya da tsaya, bata da ɓata, daka da ɗaka. Ga karin sauti, ga dogon wasali da gajere. Kalangun Mamman Shata magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da gurumin marigayi Malam Mamman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da kiɗa, duk a tsakiyar nan daɗinsu yake. Haka mai sauraren karatun Husari ko Minshawi da niyyar gyara tajwidinsa, abin da yake buƙata shi ne ya ji bambancin sinun da sadi tsaf.

Yanzu dubi irin lasifikar da ta fi cika kasuwa: akwati ɗaya mai kauri da ake ajewa a ƙasa, da ƴan ƙanana biyu ko huɗu kamar gwangwanin madara. Ƙananan ba sa iya sauka ƙasa sosai, babban kuma guri ɗaya yake dukawa, dum dum dum, ko wane kiɗa aka sa masa. Tsakaninsu sai a bar rami, kuma a ramin nan ne jikin muryar namiji yake faɗawa. Bayan haka, kaurin sauti in ya yi yawa yakan danne abin da ke samansa. Sakamakon shi ne ka ji ƙirjinka na rawa amma baitin ya wuce ba ka kama shi ba. Wanda ke haɗa kiɗa da irin wannan na'ura ya fi kowa shiga uku. Yana jin bas ya yi yawa a ɗakinsa sai ya rage, in aka kai waƙar wani wuri sai a ji ta fayau ba nauyi. Ko kuma ya ɗaga murya fiye da kima don ya cike ramin da lasifikarsa ta haƙa, alhali a cikin waƙar babu ramin.

To wace za a saya? Ga mai haɗa kiɗa, abin da ya dace shi ne lasifika biyu irin na situdiyo, masu amfilifaya a cikinsu, kowace da babban baki mai inci 5 da ƙaramin baki a samansa. Sanannu a wannan aji su ne Yamaha HS5 mai farin baki, da KRK Rokit 5 mai ruwan ɗorawa, da JBL 305P. In aljihu bai kai nan ba, akwai ƙanana irin su PreSonus Eris 3.5, ko Edifier R1280T wadda ta fi dacewa da mai saurare kawai. Ba talla nake yi wa kowa ba, na kawo sunayen ne don mai karatu ya san irin abin da ake nufi. Kuma ina ba da shawarar a guji mai inci 8 a ƙaramin ɗaki. Ido zai so ta, amma ɗakin ba zai iya ɗaukar kaurinta ba, sai ta zame maka kamar an ɗaure raƙumi a zaure.

Maganar ɗaki kuwa ita ce wadda ba a saye a kasuwa, shi ya sa babu mai tallar ta. Abin da ke shiga kunnenka rabi daga lasifika yake, sauran daga bango da rufi da daɓe yake dawowa. Ɗakunanmu na zamani, siminti da tayil da kwano, su suka fi kowane iri amsa kuwwa. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wata ƴar ƙara tana bin bayan tafin, to ko lasifikar miliyan ka kawo haka za ta yi. Shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri, rataya labule mai nauyi, jingina tsohuwar katifa a bangon da ke bayanka, kawo kantar littattafai in kana da ita. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bangon wasu situdiyo ado ne kawai, abin da yake sha kaɗan ne ƙwarai, ga shi abincin gobara.

Ajiyar ma da ƙa'idarta. Lasifika biyu da kanka su zama kusurwa uku masu tsawo ɗaya: in tsakaninsu mita ɗaya ne, to daga kowace zuwa kunnenka ma mita ɗaya. Ƙaramin bakin ya zo daidai tsayin kunne, yana fuskantar ka. Kada a cusa su a lungun ɗaki, domin lungu yana kumbura bas. In ramin iskarsu a baya yake, a ɗan janye su daga bango. A sa musu soso ko ninkakken tsumma a ƙasa don kada tebur ya riƙa rawa tare da su. Duk wannan bai ci ko dala ba, amma bambancin da zai kawo ya fi na sauya katin sauti nesa ba kusa ba.

Sai mu zo kan katin sautin, wanda masu situdiyo ke kira kart son. Aikinsa shi ne juya lambobin da ke cikin kwamfuta su zama sautin da lasifika za ta furta, da kuma juya abin da makirufo ya ɗauko ya koma lambobi. A da can kwamfuta ba ta zuwa da shi, ƙara kawai take yi kamar agogo. Shi ya sa lokacin da kamfanin Creative na Singafo ya fito da Sound Blaster a 1989 ya zama abin da kowa ke nema. Wannan zamani ya wuce. Yau kowace kwamfuta da nata a ciki, galibi na kamfanin Realtek, kuma ga wanda saurare kawai yake yi, wannan ya wadatar a mafi yawan lokuta. Gwajin ba wuya: jona lasifikarka, kada ka kunna komai, ɗaga ƙara daidai yadda ka saba, sannan ka motsa linzamin kwamfuta. In shiru ka ji, riƙe kuɗinka. In ka ji tsaki ko zuzuniya, sannan a fara maganar wani kati.

Wanda katin waje ya zame wa dole shi ne mai naɗar murya ko kayan kiɗa, kuma dalilansa uku ne. Na farko, makirufo irin na situdiyo yana neman wutar bolt 48 da rami mai ƙafa uku da ake kira XLR, kwamfuta kuwa ba ta da ko ɗaya. Na biyu, sautin makirufo rarrauna ne, sai an ɗaga shi, kuma katin ciki in ya ɗaga sai ya haɗo da shuuu. Na uku shi ne jinkiri. Kwamfuta tana tara sauti ne kashi-kashi kafin ta fitar. In kashin ya kai 1,024 a gudun 48,000 a daƙiƙa, jinkirin ya haura kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa a tafiya ɗaya, kafin a lissafa dawowa. Mawaƙi zai ji muryarsa tana bin sa a baya, mai fiyano ya danna ya jira. In aka sauko da shi 128, jinkirin bai kai kashi 3 ba. Abin da ke ba da damar saukowar ba tare da sauti ya kakkarye ba shi ne manhajar tuƙi irin ta ASIO, wadda kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro. Saboda haka kafin ka sayi kati, tambayi ko kamfaninsa na da tasa manhajar ta ASIO, kuma ko yana da maɓallin da ke mayar maka da muryarka kai tsaye ba tare da ta ratsa kwamfuta ba.

Ƙaramin akwati na USB mai rami ɗaya ko biyu ya isa: irin su Focusrite Scarlett Solo ko 2i2, ko Behringer UMC202HD, ko PreSonus AudioBox. Mai naɗar murya ɗaya a kan kiɗan da ya haɗa a kwamfuta ba ya buƙatar rami takwas. Na waje ya fi na cusawa a cikin kwamfuta dacewa da mu, domin yana aiki da ta tebur da ta hannu, yana shan wutarsa daga USB, kuma in kwamfutar ta mutu shi yana nan. Game da farashi, ga abin aunawa: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Katin da ake sayarwa yuro 100 a Faransa ya haura jaka 65 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa. In wani ya miƙo maka shi sabo fil a kwali a jaka 25, kai ma ka san akwai magana.

Kada kuma lambobin 192 kHz su ruɗe ka. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma a ƙa'idar lissafi wannan ya isa ya riƙe duk sautin da bai wuce rabin wannan adadi ba, wato Hz 22,050. Kunne kuwa a 20,000 yake tsayawa, wannan ma na yaro. Mu da muka haura talatin mun riga mun fara sauka. Abin da ke da amfani wajen naɗi shi ne bit 24, domin yana ba ka sarari ka ɗauki murya ba tare da ka matsa ta kusa da fashewa ba. Sauran manyan lambobin cika faifan kwamfuta kawai suke yi.

Wani abin da ake mantawa shi ne asalin waƙar da za a saurara. Mafi yawan abin da ke cikin wayoyinmu ya bi hannu goma: daga kaset zuwa MP3, daga nan zuwa bidiyo, a tura ta WhatsApp, wani ya sake juya ta. Kowane juyi yana yanke wani abu da ba ya dawowa. Lasifikar gaskiya ba za ta gyara wannan ba, tona shi ma za ta yi. In kana tara waƙoƙi, nemi MP3 mai 256 ko 320, ko FLAC in ya samu. In kana da tsofaffin kaset na iyaye, na mawaƙan gargajiya ko na tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, to ga aikin da katin sauti zai yi maka mai daraja: jona rediyon kaset, buɗe Audacity wadda kyauta ce, ka kwafe su da kyau kafin zafi da ƙura su cinye zaren.

Sai wuta. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san halinta a watannin Afrilu da Mayu: ta tafi, ta dawo da ƙarfi, ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa. Wanda ya sayi lasifikar jaka 150 ya jona ta kai tsaye a bango, caca yake yi. Ware kuɗin regilatar tun farko, in da hali a ƙara da ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Wutarmu bolt 220 ce, ta Amurka 120. Kayan hannu da suka fito daga can, in ba a rubuta 100 zuwa 240 a bayansu ba, jonawa ɗaya ce sai hayaƙi. Gidaje da yawa kuma ba su da wayar da ke sauke wuta a ƙasa, shi ke kawo gurnanin nan mai kauri da ba ya yankewa. In kwamfutar hannu ce, zare cajarta ka saurara. In gurnanin ya tsaya, ka gano ɓarawon. A jona kayan duka a mahaɗa ɗaya, a yi amfani da wayoyin XLR ko TRS tsakanin kati da lasifika, su an yi su ne don kashe irin wannan ƙara. Lasifika ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa. In an gama a rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu, amma ba tana kunne ba, domin bayanta na ɗaukar zafi.

Ranar sayen kuma kada ka yi cinikin biri a sama. Ko a Babbar Kasuwar Yamai ne, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko ka tsallaka Kano titin Beirut, tafi da waƙa uku da ka sani kamar yunwar cikinka, da karatu ɗaya na makarancin da ka saba da muryarsa. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Saurari kowace lasifika ita kaɗai, ka tabbata ƙaramin bakin na aiki, domin shi ke fara ƙonewa a kayan hannu. Murɗa maɓallan ka ji ko suna ƙarar yashi. Jabu ya yi yawa, musamman a makirufo masu suna irin Shure SM58. Kamfanoni irin Focusrite suna ba da damar yin rajistar lambar na'ura a shafinsu na intanet, to gwada a gaban mai shagon. In ka aika wani ya sayo maka daga waje, ku yi yarjejeniyar abin da za a yi in kayan sun zo da matsala. Da ɗan gari akan ci gari: in ka san wani mai situdiyo ko ma'aikacin gidan rediyo, roƙe shi ya raka ka.

Na san abin da wasu za su ce. Malam, ai masu sauraren waƙata a waya za su ji ta, ko a lasifikar biki, to me zan yi da lasifikar gaskiya? Tambaya ce mai ma'ana. Gaskiya ne waya ce babbar rediyon Sahel. Waƙoƙin farko na Mdou Moctar, waɗanda ya naɗa a Sakkwato a 2008, ta katin waya da Bluetooth suka zagaye hamada kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya kai su duniya. Amma wannan hujja ce a gare ni. Waya ba ta da bas ko kaɗan, tsakiyar sauti kawai take fitarwa. Wanda ya gyara tsakiyar waƙarsa a kan lasifika mai faɗin gaskiya, waƙarsa za ta tsaya a waya, ta tsaya a mota, ta tsaya a filin biki. Manyan situdiyo na duniya sun daɗe da gane haka. Yamaha NS-10 da ta fito a 1978 ta cika su ne saboda ba ta rufa wa kowa asiri. Ka haɗa a kan ta gaskiya, sannan ka gwada a wayarka kafin ka saki.

Wani kuma zai ce ba shi da kuɗin duk wannan. To kada ya ci bashi. Lasifikar kunne mai kyau, wadda ke rufe kunne duka, ta fi lasifikar tebur ta banza sau goma, ba ruwanta da amsa kuwwar ɗaki, kuma kuɗinta bai kai rabi ba. A fara da ita, a ci gaba da tari. Mamman Sani da ogan ɗinsa ɗaya ya naɗi kiɗansa a Yamai a 1978, aka sake fitar da shi a 2013, har yau ana saurare a ƙasashen da bai taɓa zato ba. Kayan aiki kaɗan a hannun mai kunne sun fi cikin ɗaki a hannun wanda ƙara ta ruɗa. In da ni ne ke da jaka 200 don wannan aiki, fiye da rabi lasifika za ta ci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu katin sauti, sauran regilatar da wayoyi da labule. In kuwa saurare kawai zan yi, kason katin ma a kan lasifikar zan ƙara.

Akwai kuma mai cewa shi dai bas yake so, kuɗinsa ne, ɗakinsa ne. Ban musa ba, daɗin kunne ba a yi wa mutum dole. Amma abu biyu a nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Na farko kunnen kansa, amana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ƴan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Mu da ke tsaye gaban allo muna ganin yaran da sai an maimaita musu magana sau biyu, kuma ba duka ne rashin hankali ba. In ka tashi daga gaban lasifika kunnenka na kuka, to ya gaya maka ka wuce gona da iri. Mai son ya rayu da sana'ar sauti, jarinsa na farko ke nan yake ƙonawa.

Na biyu maƙwabci. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa, kowa da wanda yake bi, kuma ba wannan ce mahawarar yau ba. Amma babu malamin da ya yi saɓani a kan haƙƙin maƙwabci, kuma gargaɗin Manzon Allah (SAW) a kan wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarwarsa ba sananne ne ga kowa. Kaurin sauti shi ya fi ratsa bango. Kai kana jin waƙa, tsohuwar da ke bayan katangarka dukan kawai take ji a ƙirjinta, ga mai jego, ga ɗalibin da ke shirin BEPC, ga wanda zai tashi sallar asuba ya wuce aiki. Wannan ya shafi mai sa wa'azi da ƙarfin tsiya da tsakar dare kamar yadda ya shafi mai sa waƙa. Ƴan fada ma su ji: shayi ba ya ƙara daɗi don an tashi unguwa.

Abin daɗin shi ne, lasifikar da ke fito da murya tsaf ba ta tilasta maka ɗaga ƙara. Yawancin masu murɗawa har ƙarshe suna yi ne don ba sa jin kalmomin, suna neman a ƙara abin da na'urar ba ta da shi. Saboda haka zaɓin kirki a kasuwa yana tsare maka kuɗi, ya tsare kunne, ya bar ka lafiya da mutanen gida. Ga mai haɗa kiɗa kuma, shi ne zai sa abin da ya fito daga ɗakinsa ya yi kama da abin da ya yi niyya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka ƙirga wa mai shago kuɗinka, ce masa ya rage ƙarar, ku saurari muryar mutum tukuna. Allah ya sa mu dace.